Kafin a kai ga injin wanki: yadda muke riƙe ciwon ƙoda a gidanmu

Takalmin Baba ne ya fara ba mu labari, mu kuma ba mu gane ba. Sau-cikinsa na zuwa Juma'a ya daina shiga ƙafarsa, sai ya koma silifa. Direban babbar mota ne, ya fi shekara talatin yana ɗaukar dankalin Turawa daga Bokkos da Mangu zuwa kasuwannin kudu, don haka kowa ya ce zaman mota ne ya tara masa ruwa a ƙafa. Bayan kumburi sai ƙin abinci, har naman da yake so ya ce ɗanɗanon ƙarfe yake yi masa. Sai amai da sassafe, sai ƙaiƙayi, sai shaƙuwa wadda ba ta tsayawa. Aka sha maganin shawara, aka sha na taifod har sau biyu. Daren da numfashi ya hana shi kwanciya, ya kwana a zaune, shi ne muka kai shi asibiti.

Da sakamakon jini ya fito, likita ya ja ni gefe ya ce, "Malam, tun yaushe Baba yake da hawan jini?" Na ce shekara goma sha biyu ke nan, amma sai kansa ya yi ciwo yake shan magani. Ya ce ƙodojin duka biyu sun tsuke, abin da ya rage na aikinsu bai kai kashi goma cikin ɗari ba. Wata bakwai muka yi muna wanki, wato inji na tace masa jini a madadin ƙoda, sannan Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa.

Bayan sadakar arba'in na tattara 'yan gidanmu na Anguwar Rogo da ke Jos kaf, muka je aka auna kowa. A nan aka gano babbar yayata, wadda ke sayar da atamfa, ita ma ciwon ya fara mata. Ba ta jin komai a jikinta. Yau shekara biyar ke nan, tana zuwa kasuwarta, ba ta taɓa hawa injin wanki ba. Ni malamin makaranta ne, ba likita ba. Abin da zan rubuta shi ne abin da likitocin ƙoda da nas-nas suka koya mana a tsakanin waɗannan majinyata biyu, kuma muka gani da idonmu.

Me ya sa ba ya nuna kansa

Kowace ƙoda ba ta wuce dunƙulen hannu ba, amma a cikinta akwai 'yan matatai kusan miliyan ɗaya. A yini guda ƙodoji biyu suna tace ruwan jini wajen lita 180, su mayar da kusan duka cikin jiki, su fitar da lita ɗaya zuwa biyu a matsayin fitsari. Su ne kuma ke daidaita gishirin jiki da hawan jini, su aika wa ɓargo saƙon ya ƙera jini, su taimaka wa ƙashi ya yi ƙwari. Idan wasu matatan suka mutu, ragowar sai su ɗauki kayansu, kamar 'yan dakon kasuwar Farin Gada idan ɗaya bai fito ba. Buhunan za su sauka daga mota, mai kaya ba zai lura ba, amma waɗanda suka rage suna ci da ƙarfinsu. Haka mutum zai rasa fiye da rabin aikin ƙodarsa yana yawo garau. Matatar da ta mutu kuwa ba ta dawowa.

Mutane da yawa suna dafa ƙugu su ce ƙoda ce ke ciwo. Yawancin ciwon baya na tsoka ne ko na ƙashi. Ciwon ƙoda mai daɗewa galibi ba ya zafi sam.

Wa ya kamata ya je a auna shi

Mai hawan jini da mai ciwon suga su ne kan gaba, kuma su ya kamata a auna musu ƙoda duk shekara ko da suna jin daɗin jikinsu. Sai wanda a gidansu aka taɓa yin ciwon, mai sikila, mai ciwon hanta nau'in B ko C, mai ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, dattijon da fitsari ke yi wa gardama saboda kumburin furostat (wata tsoka a bakin mafitsarar namiji), mai tsakuwar ƙoda, wanda ya daɗe da tsargiya, da macen da jininta ya hau lokacin goyon ciki ko ta yi jijjiga wajen haihuwa. Akwai kuma gado: a 2010 masana suka gano wani nau'i na ƙwayar halitta mai suna APOL1, wanda ya yawaita tsakanin mutanen Afirka ta Yamma. Yana ba da kariya daga wani nau'in ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa, amma wanda ya gaje shi ta uwa da uba haɗarin ciwon ƙodarsa ya fi yawa.

Gwaji biyu, da yadda za ka karanta takardar

Na farko fitsari. Ka kai na farkon safiya a cikin robar da ɗakin gwaji ya ba ka. Ana neman furotin ne, domin lafiyayyar matata ba ta barinsa ya zube. Fitsari mai kumfa irin na sabulu, wanda ba ya kwanciya, sau da yawa alamarsa ke nan. Gwajin tsinke mai canza launi shi ne mai araha. Wanda ya fi shi gani ana rubuta shi ACR, kuma daga 30 zuwa sama a ma'aunin miligiram cikin giram yana nuna akwai yoyo. Kada mace ta kai fitsari tana al'ada, kada kuma a kai ana tsakiyar zazzaɓi, sakamakon zai ruɗe.

Na biyu jini. Ana auna wani datti da tsoka ke fitarwa, kiriyatinin, a haɗa da shekarunka da jinsinka a fitar da lamba ɗaya da ake rubutawa eGFR. Wannan lambar ka riƙe. Kusan kana iya ɗaukarta a matsayin kason aikin ƙoda da ya rage cikin ɗari. Wasu ɗakunan gwaji ba sa rubuta ta, ka ce wa likita, "Ranka ya daɗe, a lissafa min eGFR ɗina." Ba ya ɗaukar minti ɗaya.

Daga 90 zuwa sama mataki na 1 ne, 60 zuwa 89 mataki na 2, kuma waɗannan biyun ba a kiransu ciwo sai in akwai wata shaida kamar furotin a fitsari. Daga 30 zuwa 59 mataki na 3 ne, 15 zuwa 29 mataki na 4, ƙasa da 15 mataki na 5, inda ƙoda ta gaza. Baba a 6 aka same shi. Yaya a 52.

Sakamako ɗaya ba ya yanke hukunci. Gudawa, amai, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ko zubar jini wajen haihuwa suna iya durƙusar da ƙoda na 'yan kwanaki ta kuma farfaɗo. Sai matsalar ta wuce wata uku ake ce mata mai daɗewa, saboda haka za a maimaita gwajin. Likita zai iya ƙarawa da hoton ciki don ya ga girman ƙodojin da ko akwai toshewa, da awon yawan jini, da na suga. A nan Jos akwai likitocin ƙoda da sashen wanki a asibitin koyarwa na JUTH da ke Lamingo. Idan lambarka ta sauka ƙasa da 30, ko furotin ya yi yawa, ko tana faɗuwa da sauri, ka nemi takardar tura ka wurinsu.

Hawan jini shi ne linzamin

Abu na farko da na saya wa Yaya ba magani ba ne, na'urar awon jini ce ta dantse, da littafi mai shafi arba'in irin na ɗalibaina. Safe da yamma, ta zauna minti biyar, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur, sannan a auna a rubuta. Abin da likitanta ya sa mata shi ne ƙasa da 130 bisa 80.

Ta yi min gardama da farko. "Auta, ni fa kaina ba ya ciwo, maganin me zan yi ta sha kullum?" Na ce, "Yaya, haka Baba ya riƙa faɗa." Ba ta sake cewa komai ba. Maganin hawan jini ba na ranar ciwon kai ba ne. Kullum ne, har ranar da awo ya yi kyau, domin maganin ne ya sa ya yi kyau.

Akwai iyali biyu na magani da ke kare ƙoda fiye da saukar da jini kawai, musamman ga mai furotin a fitsari: irin su lisinofiril, da irin su losatan. Ɗaya ake sha, ba a haɗa su. Mako ɗaya zuwa biyu bayan farawa ko ƙara ƙarfinsa, a koma a auna kiriyatinin da sinadarin fotasiyam. Lambar eGFR takan ɗan sauka a farko, wannan ba abin tsoro ba ne in bai yi yawa ba, likita ne zai duba. Lisinofiril ya sa wa Yaya busasshen tari, aka mayar da ita losatan, tari ya tafi. Mai ciki ko mai neman ciki ba ta shan ko ɗaya daga cikinsu, suna cutar da jariri. Ta faɗa wa likita tun kafin.

Sai sababbin da aka fara yi don ciwon suga, dafagiliflozin da emfagiliflozin. Manyan gwaje-gwajen da aka fitar a 2020 da 2022 sun nuna suna rage saurin lalacewar ƙoda har ga marasa suga. Suna da tsada, amma ka tambayi likita ko sun dace da kai, ka kwatanta kuɗinsu na wata da kuɗin wanki na mako. Mai ciwon suga da ke shan metfomin ya sani ana rage shi idan eGFR ya sauka ƙasa da 45, a daina idan ya yi ƙasa da 30. Allurar insulin ma takan daɗe a jiki idan ƙoda ta yi rauni, sai suga ya riƙa faɗuwa, a buƙaci rage ta.

Wani abu da ba kowa ake faɗa wa ba: ranar da amai ko gudawa suka kama ka har ba ka iya riƙe ruwa, waɗannan magunguna da na sa fitsari irin su Lasix suna iya jefa ƙoda cikin haɗari. Ka tambayi likitanka tun kana lafiya waɗanne za ka dakatar a irin wannan rana, ka rubuta a bangon littafinka.

Abin da za a fitar daga gida

Da muka buɗe aljihun motar Baba, ƙullin leda muka tarar fal da abin da direbobi ke kira haɗi: ƙwayoyi huɗu ko biyar da mai kemis ke ƙullawa na ciwon jiki. Kusan kullum yana shan ƙulli ɗaya kafin ya kama hanya. A ciki akwai daikulofenak da aibufurofen, wani lokaci duka biyun tare. Irin waɗannan suna rage jinin da ke shiga ƙoda. Mai ciwon ƙoda ya bar su gaba ɗaya. Idan jiki na ciwo, farasitamol a kan ƙa'ida shi ne ya fi aminci. Allurar jentamaisin da ake yi barkatai ita ma tana taɓa ƙoda. Duk inda za a rubuta maka magani, ko na haƙori ne, ka fara da cewa, "Ina da ciwon ƙoda, lambata kaza."

Maganar gargajiya kuwa sai na faɗe ta ƙarara, ko da za ta yi wa wasu ɗaci. Na girma ina shan saiwa da sassaƙe, ban raina su ba. Amma jarkar da ake sayarwa a tasha da lasifika, wadda aka ce tana maganin basir da sanyi da shawara har da wanke ƙoda, babu wanda ya san me ke ciki ko nawa ne adadinsa. Lafiyayyar ƙoda tana iya jurewa. Mai rauni ba ta da wannan sararin. Lokacin jinyar Baba wani ya kawo mana galan, ya rantse zai raba shi da inji. Kwana uku yana sha, muka kwashe shi ranga-ranga. Babu jiƙon da ke tayar da matatar da ta mutu. Haka man bilicin: wasu na ɗauke da sinadarin makuri, yana ratsa fata ya lalata ƙoda. Taba ma a ajiye ta.

Tukunya

A nan ne aikin yake, kuma a nan aka fi yin kuskure ta fuska biyu: wasu ba su canza komai, wasu su hana majinyaci komai har ya rame.

Gishiri shi ne babban abin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma wannan ya haɗa da wanda ba ka gani: dunƙulen magi, garin da ke cikin ledar taliyar yara, yajin tsire, kilishi, kifin gwangwani, burodi. Kanwar da ake jefawa a wake da ɗanwake da miyar kuɓewa ita ma 'yar uwar gishiri ce a wajen ƙoda, don haka kunun kanwa ya fita daga lissafi. Ba mu ware wa Yaya tukunya ba, domin mai cin abinci shi kaɗai ba ya daɗewa a kan doka. Gidan duka muka rage, sannu a hankali, daga dunƙule huɗu zuwa biyu zuwa ɗaya. Daddawar da ba a zuba wa gishiri ba, albasa, tafarnuwa, citta, masoro, kimba da ɗan lemun tsami suka cike gurbin. Makonni uku yara suna ƙorafi, daga nan harshe ya saba. A guji gishirin kanti da ake cewa na masu hawan jini ne, yawancinsa fotasiyam ne.

Fotasiyam ɗin nan yana buƙatar bayani, musamman a gari irin namu mai yawan dankali. Daidai a jini shi ne wajen 3.5 zuwa 5.0. Idan ƙoda ta kasa fitar da shi ya taru, yana iya tsayar da zuciya ba sallama. Amma ba kowane mai ciwon ƙoda ne nasa ke hawa ba. Idan awonka daidai yake, ci kayan lambunka da 'ya'yan itace, suna da amfani. Idan ya hau, to a rage dankali, doya, ayaba, fiya, dabino, lemun zaƙi, ruwan kwakwa, tumatirin gwangwani da alayyahu, a kuma daina girki da ruwan toka. Dankalin ma akwai dabara: a fere, a yanka ƙanana, a tafasa cikin ruwa mai yawa, a zubar da ruwan, a sake sabo a ƙarasa. Haka ake yi wa ganye kafin a zuba a gwate. Dankali soyayye ko gasasshe da ɓawonsa shi ne ya fi riƙe sinadarin.

Nama ba haramun ba ne, yawansa ne ke gajiyar da matata. Ƙa'idar da ake bayarwa daga mataki na 3 ita ce furotin giram 0.8 ga kowane kilo na nauyin jiki a yini. A aikace, ga Yaya mai kilo 70, nama ko kifi gwargwadon tafin hannunta sau ɗaya, sauran ya fito daga wake, acca da hatsi. Wanda ya fara wanki kuwa lissafinsa ya juya, ya fi buƙatar nama da ƙwai. Lemun kwalba mai baƙin ruwa yana da sinadarin fosfet da ke taruwa ya raunana ƙashi, mun daina saye.

Ruwa: ka sha gwargwadon ƙishirwa. Ɗura galan ba ya wanke ƙoda. A sanyin Disamba na Jos mutum kan wuni bai sha ba, wannan ma ba daidai ba ne, haka mai aikin ƙarfi a rana, ɗan gini ko mai haƙar kuza, ya riƙa kurɓa. Sai an kai ga kumburi ko wanki likita ke ƙayyade ruwa.

Azumi kuma, Yaya takan je a Sha'aban a auna ta, likita ya sauya mata lokutan magani, a sake awo bayan goman farko. Masu mataki na 4 da na 5 galibi ana ba su shawarar kada su yi, kuma addini ya yi wa majinyaci rangwame. Maƙwabtanmu Kirista masu dogon azumi su ma wannan shawarar ta shafe su.

Idan lamba ta ci gaba da sauka

Ƙarancin jini yakan biyo baya, ana maganinsa da sinadarin ƙarfe da allurar ƙara jini. A guji yawan ƙarin jini na leda in da hali, domin yana wahalar da dashen ƙoda daga baya. Numfashi sama-sama, raguwar fitsari sosai, amai ba tsayawa, ruɗewa ko yawan barci, waɗannan na asibiti ne a daren, ba a jira gari ya waye.

Tun a mataki na 4 ake fara shirin wanki. Ana yin ƙaramin aiki a hannu a haɗa jijiyoyin jini biyu don su yi kauri. Likitoci na ce masa fistula, amma ba shi da alaƙa da yoyon fitsari. Yana ɗaukar wajen wata biyu zuwa uku kafin ya nuna, shi ya sa ake yi da wuri, kuma ake hana huda jijiyoyin wannan hannu. Baba bai samu wannan ba, roba aka sa masa a cinya, daga baya a wuya, sau biyu tana kawo masa zazzaɓi mai zafi.

Cikakken wanki sau uku ne a mako, awa huɗu kowane zama. Mun fara da biyu, muka sayar da filinmu na Rikkos, muka koma ɗaya. Ina faɗin haka ne don iyali su zauna su yi lissafi tun kafin ranar ta zo. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin zama ɗaya zuwa naira 12,000 a wasu asibitocinta, saboda haka ka tambaya a inda kake, ka kuma bincika abin da inshorar lafiyarka ke ɗauka. Masu cewa duk wanda ya hau inji ya tafi ke nan, abin da suke gani shi ne mutanen da aka kawo a makare. Wanda ƙodarsa ta durƙushe farat ɗaya yakan yi wanki kaɗan ya warke sarai.

Dashe ya fi wanki ba da tsawon rai da walwala ga wanda ya dace da shi. An fara yinsa a Najeriya a asibitin St. Nicholas na Legas a 2000, asibitin koyarwa na Aminu Kano ya bi baya a 2002, yanzu ana yi a Abuja ma. Lafiyayyen ɗan uwa zai iya ba da ƙoda ɗaya ya rayu da ɗaya bayan an tantance shi sosai. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta haramta saye da sayar da sassan jiki. Kuma kuɗin aiki ba shi ne ƙarshe ba: akwai magungunan hana jiki ƙin sabuwar ƙodar, kullum har ƙarshen rayuwa, wanda ya daina su zai rasa ta. Ga dattijo mai rauni da wasu cututtuka, akwai zaɓin kula da shi da magani da abinci ba tare da inji ba, kuma ba laifi ba ne a tattauna wannan da likita a gabansa.

Awon Yaya na watan jiya ya nuna 47, furotin ya ragu da fiye da rabi. Duk wata shida muke komawa. A jakarta akwai littafin awon jini, tsofaffin sakamako a jere bisa kwanan wata, da kwalayen duk abin da take sha, har da na mura, domin likita ya gani da idonsa. 'Ya'yanta biyu da suka haura ashirin na sa su a layin gwajin fitsari na wannan zuwan, ni ma nawa na shekara ya zagayo.